Koyar da Turanci ta intanet: abin da ya kamata a sani kafin a sa kuɗi

'Yan uwa mazauna sansanin Minawao, tambayar ta yawaita a ofishin kariya, musamman daga matasan da suka gama sakandare da tsofaffin malaman makaranta: shin gaskiya ne mutum zai iya koyar da Turanci ta waya a biya shi da dala? Gaskiya ne. Sai dai tsakanin mai waya a Minawao da wannan dalar akwai ƙofofi da dama, kuma masu yaɗa labarin ba sa faɗin su.

Yadda sana'ar take ba wuya. Akwai kamfanoni irin su Preply, italki da Cambly masu haɗa ɗalibi da malami. Malami ya buɗe shafi da sunansa, ya sa hotonsa da ɗan gajeren bidiyon gabatar da kai, ɗalibi daga Turkiyya ko Saudiyya ko Japan ya zaɓe shi, su yi darasi ta kiran bidiyo. Kamfanin ne ke karɓar kuɗin, ya cire nasa, ya ba malami saura. A Preply malami ke yanka farashinsa, amma kuɗin darasin gwaji na farko da kowane sabon ɗalibi na kamfanin ne gaba ɗaya, sannan ana cire wa sabon malami kashi 33 cikin ɗari, yana raguwa har zuwa 18 idan awanninsa suka yi yawa. Wato wanda ya sa dala 5 a awa, dala 3 da 'yan kai ne nasa, kafin kuɗin data.

Kasuwar kuma ta cika. Har zuwa 2021 China ce babbar mai saye, sai a watan Yulin shekarar gwamnatinta ta taƙaita darussan kuɗi na bayan makaranta, ta hana ɗaukar malaman da ke zaune a ƙasashen waje su koyar da yara. Dubban malamai suka rasa aiki, suka kwararo sauran shafukan. Sabon shiga daga nan zai yi gogayya ne da Baturen Ingila da ɗan Filifin mai shekaru a aikin, kuma ɗalibai da yawa suna fifita lafazin Amurka ko Ingila. Ba mu ga adalci a wannan ba, domin iya koyarwa daban, wurin haihuwa daban, amma haka kasuwar take.

Ƙofar da ta fi tsayar da mutanenmu ita ce ta takarda. Dokar Kamaru ta 2005 kan 'yan gudun hijira ta ba mu damar yin aiki, saboda haka ba laifi ba ne ka koyar a biya ka. Matsalar tana wurin kamfanonin. Kafin su amince da malami sukan nemi hoton fasfo ko katin ɗan ƙasa, kuma na'urar da ke tantancewa sau da yawa ba ta san katin ɗan gudun hijira ba. Ko an wuce nan, saura karɓar kuɗi. Yawancinsu ta PayPal ko Payoneer ko banki suke biya, ba ta MTN Mobile Money ko Orange Money da muka saba ba, su ma waɗannan sai sun tantance mutum. A ƙasashen Afirka da dama asusun PayPal na tura kuɗi ne kawai, ba ya karɓa. Don haka shawararmu: kafin ka ɓata mako kana gyara bidiyo, buɗe shafin kamfanin ka karanta abu biyu, wace takarda suke karɓa, kuma ta wace hanya suke biya. Idan ba ka da ɗaya daga ciki, tsaya nan.

A daidai wannan gaɓar ne wasu ke faɗawa rami. Wani zai ce ka yi aiki da asusunsa, kuɗin ya shiga wurinsa ya riƙa ba ka. Ranar da ya hana ka, ba inda za ka kai ƙara, domin a takarda shi ya yi aikin. Idan kamfanin ya gano fuskar da ke darasi ba ta mai asusun ba ce, sai ya rufe asusun da abin da ke ciki. Wasu kuma ta WhatsApp ko Facebook suke zuwa da alkawarin aiki, su ce a turo kuɗin rajista, ko hoton katin hijira da na takardar iyali. Kamfanonin da muka ambata ba sa karɓar ko sisi kafin mutum ya yi rajistar malami. Kada ku tura hoton takardunku ga wanda ba ku sani ba. Da su ake yin rajistar layin waya a damfari wani, laifin ya dawo kan mai sunan. Ga 'yan uwa mata ƙari ɗaya: ɗalibin da ya fara neman hotuna, ko kira da dare ba lokacin darasi ba, a yanke hulɗa da shi, a sanar da mu. Wanda ya baro gida saboda ana neman ransa kuma ya yi tunani sosai kafin ya sa fuskarsa da cikakken sunansa a shafin da kowa ke gani.

Batun takardar shaida: abin da aka fi tambaya shi ne TEFL na awa 120, wanda ake yi ta intanet. Yana taimakawa, amma ba shi ke kawo ɗalibai ba, kuma masu sayar da na bogi sun fi masu na gaske ƙwazon talla. Kada a sayar da abincin gida domin sa.

Kayan aiki su ne waya mai kyamara mai kyau, abin sawa a kunne mai makirfo, caji da ba zai yanke ba, da wuri mai shiru. Kiran bidiyo na awa ɗaya na iya cin rabin giga ko fiye. Duk wanda ya san yadda sabis ke ɗaukewa a nan ya san haɗarin: darasi ya yanke sau biyu, ɗalibi ya rubuta ƙorafi a shafinka, sauran su guje ka. A lura da agogo ma. Saudiyya da Turkiyya sun riga mu da awa 2, China da 7, Japan da 8.

To ina mafita? Mu dai a ganinmu tana kusa, ba a Japan ba. Cikin yankuna 10 na Kamaru, 8 Faransanci suke yi, amma Turanci darasi ne da ake rubutawa a jarrabawar BEPC da ta Bakaloriya. Akwai ɗalibai a Mokolo da Marwa, da na jami'ar Marwa, da 'yan kasuwa masu hulɗa da Najeriya, da masu neman aiki a ƙungiyoyin agaji, duk suna bukatar wanda za su yi magana da shi da Turanci. Abin da muka taso da shi a makarantun Borno, a nan haja ne. Irin wannan ɗalibin ba ya tambayar fasfo, agogonku ɗaya, zai biya ta Mobile Money, kuma ana iya darasin da kiran murya na WhatsApp wanda ba ya cin data kamar bidiyo. Idan ya rikice, ka warware masa da Hausa ko Fulatanci, abin da Baturen Ingila ba zai iya ba. Kuɗin ba zai kai dala ba, amma babu mai cire kashi 33.

Mai son farawa ya nemi mutum biyu ko uku ta hannun wanda ya sani. Ku yi magana kan farashi da ranaku tun farko, a biya na mako kafin a fara. Ka tambayi kowa me yake son Turancin ya yi masa, domin mai shirin jarrabawa nahawu da rubutu yake so, ɗan kasuwa kuwa ciniki da lissafi. Minti 30 da aka shirya sun fi awa guda ta hira. Ka bar ɗalibi ya fi ka magana, wannan shi ne abin da ya fi yi wa tsofaffin malaman aji wuya. Ka riƙe littafi kana rubuta kowane darasi da abin da aka biya. Bayan wata shida shi ne shaidarka idan ka nemi aikin koyarwa ko ka gwada manyan shafukan.

Wanda aka turo wa tallan aiki yana shakka, ko aka riga aka karɓi kuɗinsa ko hoton katinsa, ya zo ofishin kariya da wayar, kada ya goge saƙonnin. Akwai tafinta, kuma abin da aka faɗa a ofis ba ya fita.