Dashen huhu: ƙwayar cutar da ke zuwa a ɓoye cikin sabon huhu

Ga mai ciwon huhun da ya ƙi magani, dashe ne mafita ta ƙarshe. Sai dai huhun da aka ciro daga jikin mamaci yakan zo da baƙuwa a cikinsa: ƙwayar cutar saitomegalobairas, wadda likitoci ke kira CMV a taƙaice.

CMV dangin ƙwayar da ke kawo farankama ce. Tana yaɗuwa ta miyau, fitsari, nonon uwa, jini da saduwa. A ƙasashen Afirka kusan kowa ya kamu da ita tun yana yaro, mafi yawa ba tare da wata alama ba. Idan ta shiga jiki ba ta fita, sai ta lafe, garkuwar jiki na tsare da ita har ƙarshen rayuwa.

Matsalar tana tasowa ne bayan dashe. Don kada jiki ya ƙi sabon huhun, dole mara lafiya ya riƙa shan magungunan rage ƙarfin garkuwa. Da garkuwar ta yi rauni, sai ƙwayar ta farka ta hayayyafa, ta kawo zazzaɓi, ciwon huhu, gyambon hanji ko ciwon hanta. Masu dashen huhu na cikin waɗanda suka fi fuskantar wannan haɗari, saboda huhu babbar maɓoyar CMV ce, kuma ana ba su magungunan danne garkuwa masu ƙarfi sosai. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne wanda bai taɓa kamuwa ba, aka dasa masa huhun mai ɗauke da ita.

An daɗe ana ɗaukar CMV tamkar abu guda. Binciken ƙwayoyin halittarta ya nuna tana da iri-iri. Tun 1991 masana suka kasa ta gida huɗu bisa wani furotin na bayanta da ake kira gB, daga baya aka gano bambancin ya wuce haka nesa. A Jami'ar Likitanci ta Biyana da ke Ostiriya, ayarin Elisabeth Puchhammer-Stöckl da Irene Görzer ya bi diddigin masu dashen huhu, ya tarar da yawansu na ɗauke da iri fiye da ɗaya a lokaci guda. Wani irin na mara lafiyar ne tun asali, wani kuma ya biyo huhun. Irin da ya yi rinjaye a wannan wata na iya ja da baya, wani ya maye gurbinsa, kuma abin da ke cikin huhu ba lallai ya yi daidai da na cikin jini ba.

Wannan ya shafi ƴan Afirka mazauna Turai da Amurka da ke jiran dashe. Gwajin jini kan nuna sun taɓa kamuwa, abin da ke rage musu haɗari, amma bai kawar da shi ba. Garkuwar da ta saba da irin da mutum ya ɗauka a Maradi ko Damagaram ba lallai ta tare irin da ya zo daga mai ba da huhu a Faris ba.

Maganin rigakafin da aka fi amfani da shi shi ne valganciclovir, wanda ake sha wata 6 zuwa 12 bayan dashe. Yana rage fararen ƙwayoyin jini, kuma idan an daɗe ana sha, CMV na iya sauya halitta a gurbin da ake kira UL97 ta daina jin magani. Idan haka ta faru akan koma ga foscarnet, wanda ke wahalar da ƙoda. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da maribavir don masu dashen da cutarsu ta gagari sauran magunguna. Har yanzu babu allurar rigakafin CMV da aka amince da ita.

Tun 1963 da James Hardy ya yi dashen huhu na farko a Misisipi, inda mara lafiyar ya rayu kwana 18, aikin ya ci gaba ƙwarai. Amma lalacewar huhun da aka dasa sannu a hankali ita ce babbar mai taƙaita rayuwar marasa lafiya, kuma CMV na cikin abubuwan da ke ƙara haɗarinta. Shi ya sa likitoci ke ci gaba da auna yawan ƙwayar a jini ko bayan an gama shan magani, domin a lokacin ne takan sake tasowa.