Siririn Takobi da Lissafin Taron Dangi

Daga ƙarshen watan Yuli zuwa farkon Agusta, mutane wajen 10,000 kan taru a wani fili da ake kira Cooper's Lake, a yammacin jihar Fensilbaniya ta ƙasar Amurka. Sukan kafa tantuna, su yi mako biyu cikin tufafin mutanen Turai na ƙarnonin da suka shuɗe. Sunan wannan taro Yaƙin Pennsic, kuma tun shekarar 1972 ake yin sa, in ban da 2020 da 2021 da annobar korona ta hana. Ƙungiyar da ke shirya shi, wato Society for Creative Anachronism, ko SCA a taƙaice, an kafa ta ne a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a 1966, domin masu sha'awar raya al'adun Turai na kafin shekarar 1600.

Cikin wasannin da ake yi a wurin akwai karawa da wani siririn takobi mai suna rapiya. Wani lokaci mutum biyu ne ke gwabzawa a gasa, wani lokaci kuma ɗaruruwa ne ke ja sahu su fuskanci juna. A nan ne wani abin mamaki kan faru. Gwanin da ya gagari kowa a karawar mutum biyu, sau da yawa yana cikin waɗanda ake fara fitarwa idan aka shiga yaƙin sahu, kuma mai fitar da shi kan zama wani sabon shiga wanda ko kallonsa bai yi ba. Lissafi da ilmin aikin ido da ƙwaƙwalwa suna da bayanin wannan al'amari.

Takobin 'yan birni

Rapiya ta yi tashe a ƙasashen Sifen da Italiya da Faransa a ƙarni na 16 da na 17. Mutanen Sifen suna kiran ta da sunan da ke nufin takobin tufafi, domin da kayan gida ake rataya ta a shiga gari, ba tare da sulke ba. Tsawon ƙarfenta yakan kai mita 1 ko ya ɗara, nauyinta kuma kimanin kilo 1 da 'yan kai. Ta bambanta da faffaɗan takobin da aka saba gani a kafaɗar mahaya ranar hawan salla, wanda aikinsa sara ne. Ita rapiya suka ce babban aikinta.

Wanda ya fara zaunar da wannan fasaha bisa lissafi shi ne Camillo Agrippa, injiniya kuma masanin gine-gine, wanda ya buga littafinsa a birnin Rum a 1553. Ya taƙaita yanayin riƙon takobi zuwa huɗu, ya kuma nuna da zane cewa tsini mai tafiya a miƙe ya fi kaifi mai zagayowa saurin isa, tun da miƙaƙƙen layi shi ne hanya mafi kusa tsakanin wurare biyu. Bayansa Salvator Fabris ya fitar da nasa littafin a 1606, Ridolfo Capo Ferro kuma a 1610. Waɗannan littattafai ne masu wasan yau ke karantawa suna gwada abin da ke ciki.

Abu uku malaman suka fi nanatawa. Na farko tazara, wato nisan da tsinin mutum zai kai idan ya miƙa hannu ya jefa ƙafar gaba. Na biyu lokaci: kowane motsi da abokin karawa ya yi, ƙofa ce ya buɗe na ɗan ƙiftawar ido, kuma motsi gajere yakan riga dogo. Na uku ƙarfin takobi da rauninsa. Idan mutum ya riƙe doguwar sanda ta gefe guda, ƙaramin yaro zai iya kawar da bakinta da yatsa, amma in ya tura ta kusa da hannun mai riƙon, da kyar za ta motsa. Haka takobi yake. Rabin da ke kusa da mariƙi shi ne mai ƙarfi, rabin da ke wajen tsini shi ne mai rauni. Duk wanda ya ɗora ƙaƙƙarfan sashen nasa a kan raunannen sashen na abokin karawa ya mallaki hanya, ko da kuwa wancan ya fi shi ƙwanji.

Yadda aka cire wa makami dafi

Kafin a mayar da makamin kisa abin wasa, sai da aka san abin da ke sa shi huda jiki. Asirin yana cikin faɗin wurin da ƙarfi ya taru a kai. Allura takan shiga fata da ɗan turi kaɗan domin dukkan ƙarfin ya tattaru a wuri ƙanƙane. Saboda haka ake dakushe bakin takobin wasa, a rufe shi da hular roba mai faɗin milimita 9 ko fiye. Da'irar da faɗinta ya kai haka tana da fili na kimanin murabba'in milimita 64. Idan aka kwatanta da tsini mai murabba'in milimita 1, ke nan turi iri ɗaya ya bazu a wurin da ya ninka sau 64. Bugu da ƙari, ana ƙera ƙarfen yadda zai tanƙwara idan ya taɓa jiki, ya shanye wani kaso na bugun, ya kuma tsawaita lokacin da sauran zai isa.

Amma ƙarfen da ke yawan tanƙwara yakan gaji, wata rana ya karye, kuma bakin karayar yakan fi wuƙa tsini. A gasar wasan takobi ta duniya da aka yi a Rum a watan Yulin 1982, takobi ya karye a tsakiyar karawa, guntun ya huda ragar fuskar Vladimir Smirnov, zakaran Tarayyar Sobiyet, ya shiga ta ido har ƙwaƙwalwa. Bayan 'yan kwanaki ya rasu. Wannan rashi ne ya sa aka tsaurara ƙa'idojin kayan wasan: aka koma ga ƙarfe mai wuyar karyewa, da riguna masu jure turin niyuton 800 a manyan gasanni, wato kwatankwacin nauyin kilo 80. Masu wasan rapiya sun ɗauki darasi. Kafin mutum ya shiga fage, jami'an wasa kan duba ragar fuskarsa, da ƙarfen da ke kare maƙogwaronsa, da rigarsa, da takobinsa. Haka kuma duk wanda ya hango haɗari, ko ɗan kallo ne, yana da ikon ɗaga murya ya tsayar da wasan, kowa ya ƙame a inda yake.

Gasar mutum biyu

A gasannin SCA babu na'urar lantarki mai ƙirga maki kamar a wasannin Olamfik. Wanda aka taɓa shi ne zai faɗa da bakinsa. Ana ɗaukar kowa tamkar yana sanye da rigar gida ne, don haka taɓi mai sauƙi ya isa. Suka a kai ko wuya ko gangar jiki na nufin mutuwa a wasa. Idan a hannu ne, mutum ya rasa wannan hannun, sai ya koma ɗayan. Idan a ƙafa ne, ya rasa tafiya, galibi sai ya ci gaba a durƙushe ko a zaune. Wanda ya yi suna da ƙin amsa taɓi yakan zubar da mutuncinsa a idon jama'a, kuma wannan ya fi rashin kofi ciwo.

Babbar matsalar gasa ita ce sukar juna a lokaci guda. George Silver, wani Bature ɗan Ingila da ya tsani rapiya, ya yi ƙorafi a littafinsa na 1599 cewa masu faɗa da ita sau da yawa dukansu biyu ke jikkata ko su mutu. A fagen wasa matsalar ta fi tsanani, domin wanda ya san ba zai mutu ba yakan yi kasadar da mai fuskantar kaifi na gaske ba zai yi ba. Shi ya sa wasu gasanni ke ɗaukar irin wannan suka a matsayin faɗuwa ga duka biyun, don tilasta wa 'yan wasa su fara kare kansu kafin su nemi maki.

Idan fage ya cika

Duk hikimar da aka ambata an gina ta ne kan abokin karawa guda, takobi guda, layi guda. Da zarar an ja sahu, sai lissafin ya sauya. Mai rapiya na iya kai suka nisan mita 2 ko fiye, alhali tsakanin kafaɗarsa da ta maƙwabcinsa bai fi mita 1 ba. Ke nan kowane mutum a sahu yana cikin tazarar akalla mutum uku: na gabansa, da na dama da shi, da na hagu.

Idon ɗan Adam yana hango fili mai faɗin kusan digiri 200, amma wurin da yake gani tar-tar bai wuce digiri 2 ba, kwatankwacin faɗin babban yatsa idan an miƙa hannu. Ragar fuska kuma tana ƙara tsuke gefuna. Har ila yau, daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da hannu ya motsa akan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin huɗu na daƙiƙa. A 1952 masanin halayyar ɗan Adam William Hick ya nuna cewa wannan jinkiri yana ƙaruwa gwargwadon yawan zaɓin da ke gaban mutum. Gwanin da ya saba kafa ido a kan takobi ɗaya yanzu yana da uku, kuma sabonsa na jefa jiki gaba don kai suka yakan fitar da shi daga sahu, ya bar haƙarƙarinsa a buɗe.

Daga nan dabarun sahu suka samo asali. Ana koya wa ɗan wasa ya shagaltar da na gabansa, ya danne masa takobi, amma ya kai suka ga na gefe wanda hankalinsa ke wani wuri. Ana haɗa mutane bibbiyu ko uku-uku, ɗaya ya ɗaure takobin abokin gaba, ɗaya ya soke shi. Ana kuma tura masu sauri su zagaya ƙarshen sahu. Tun da sukar mutum ta baya haɗari ce, a yaƙe-yaƙen da aka yarda da hakan wanda ya zagayo yakan ɗora takobinsa ne a kafaɗar mutumin, ya sanar da shi da baki cewa ya mutu.

Lissafin sarkin yawa

Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A 1916 wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya auna iyakar gaskiyar wannan magana da alƙalami. Ya nuna cewa idan faɗa ya kasance ɗaya da ɗaya, kuma gwanintar ta zo daidai, kowane ɓangare yakan yi asara daidai da ɗayan: mutum 5 su kara da 3, a ƙarshe 2 su rage. Amma idan kowa na iya kai hari ga kowa a lokaci guda, ƙarfin runduna yakan zama adadinta ne a ninka da kansa. Biyar sau biyar 25, uku sau uku 9, bambancin 16, wanda shi ne huɗu sau huɗu. Ke nan mutum 4 za su rage maimakon 2.

Alal misali, a ce rundunoni biyu kowacce na da mutum 10. Idan ɗaya ta yi dabara ta raba ɗayar gida biyu, ta fara da biyar ɗin farko, za a cire 25 daga 100, saura 75. Ta juya kan biyar ɗin da suka rage, a sake cire 25, saura 50, wato kimanin bakwai sau bakwai. Rundunar da ta fara da adadi daidai da na abokan gabarta ta gama da su tana da mutum 7 a tsaye.

Lanchester da bindigogi da jiragen sama ya yi lissafinsa, kuma takobi ba ya kaiwa inda harsashi ke kaiwa, saboda haka yaƙin rapiya yana faɗawa ne tsakanin ƙa'idojin biyu. Masu shirya wasa sun san haka. Idan suka shata wata siririyar hanya suka kira ta gada, mutum kaɗan ne ke iya haɗuwa a bakinta, sai yawa ya rage amfani, gwaninta ta dawo da darajarta. A buɗaɗɗen fili kuwa, kwamandan da ya iya tara mutum uku a kan biyu a wani lungu, ko da na daƙiƙa goma ne, shi ke da rana.

Abin da wasan ba zai iya nunawa ba

Ya kamata mai karatu ya sani cewa sahun masu rapiya zalla ba hoton yaƙin Turai na wancan zamani ba ne. A fagen daga na wajen 1600, dogon mashi da bindiga ne ke yanke hukunci, takobi kuwa makamin ko-ta-kwana ne. Abin da ya fi kama da wannan wasa shi ne faɗan titi da na ramuwar mutunci, inda abokai ke shigar wa juna. Ranar 27 ga Afrilun 1578, a kasuwar dawaki ta birnin Faris, matasa shida daga cikin fadawan Faransa na zamanin Sarki Henri na III suka kara uku da uku. Biyu suka mutu nan take, ɗaya washegari, ɗaya kuma ya yi jinyar kwana 33 kafin ya cika. Mutum biyu kacal suka tsira.

Wannan shi ne abin da hular roba da ragar fuska suka cire daga lissafi. Mai wasa na iya gwada koyarwar Agrippa da Capo Ferro sau dubu, ya gane da jikinsa abin da karatu kaɗai ba zai fayyace ba, kuma masu nazarin tarihi sun amfana da irin wannan gwaji. Tsoron mutuwa ne kawai ba ya gwaduwa a fagen wasa, kuma shi ne ke sa hannu rawa, ya sa sahu ya watse tun kafin lissafin Lanchester ya kai ƙarshe. A Pennsic, wanda aka soka yakan ɗaga takobinsa sama ya fice daga fili, ya sha ruwa, a wasu yaƙe-yaƙen ma ya taɓa wata tuta ya dawo da sabon rai. Da yamma kuma shi da wanda ya soke shi sukan zauna bakin tanti guda, suna muhawara kan inda sahu ya fara ɓallewa.