Sanin Matsayi: Dalilan da Ke Sa Mai Ɗauke da Ƙwayar Karya-Garkuwa Ya Sani ko Ya Zauna Cikin Duhu

Gabatarwa

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Babu inda gaskiyar wannan karin magana ta fi fitowa kamar a sha'anin ƙwayar cutar nan mai karya garkuwar jiki, wadda idan ta yi ƙarfi take zama ƙanjamau. Manufar wannan lacca ita ce duba dalilan da ke sa wani baligi ya san yana ɗauke da ita, wani kuma ya yi shekaru bai sani ba. Za a ɗauki misali daga Kamazou, unguwar da ke kudancin Kogin Kaduna cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, inda 'yan asalin ƙasa Gwarawa da ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban suke zaune tare.

Girman Matsalar

A shekarar 1986 aka fara ba da sanarwar ɓullar cutar a Nijeriya. Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita, watau kimanin mutum miliyan 1.9 idan aka haɗa da sauran jama'a. Abin da ya fi ɗaga hankali shi ne, a lokacin, waɗanda suka san matsayinsu a cikin baligai masu ɗauke da ƙwayar ba su kai rabi ba. Wanda bai sani ba kuwa ba zai nemi magani ba, kuma yana iya sa wa matarsa ko mijinta, uwa kuma ta sa wa jaririnta.

Halin Cutar Kanta

Dalili na farko shi ne ɓoyon da cutar take yi. Mutum yana iya yin shekara takwas ko goma garau, yana zuwa ofis ko gona, alhali ƙwayar tana cin garkuwarsa a hankali. A al'adarmu kuwa, mai lafiya ba ya zuwa asibiti. Idan zazzaɓi ya kama shi, sai ya tsaya a kantin magani na bakin titi, inda ba a tambayar komai sai kuɗi. Har ila yau, gwajin gaggawa yana iya kasa ganin alamar ƙwayar sai bayan kusan wata uku da kamuwa, don haka akan buƙaci a maimaita.

Suna Linzami

Dalili na biyu yana cikin harshe. Kalmar ƙanjamau tana kawo hoton mutumin da ya rame ya ƙanjame, don haka duk mai jiki a murje sai ya ɗauka ba da shi ake ba. Laƙabin "kabari kusa" kuwa ya fi haka ɓarna, domin ya mai da takardar gwaji kamar takardar hukuncin kisa. Saboda irin wannan ne masana harshe da likitoci, a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan, suka tsayar a 2017 cewa a riƙa kiran ƙwayar karya-garkuwa, a bar ƙanjamau ga matakin ƙarshe na ciwon. Wannan rarrabewa tana koya wa jama'a cewa tsakanin biyun akwai tazara mai tsawo, wadda magani yake iya tsare ta.

Kunya da Tsoron Tsangwama

Na uku shi ne idon jama'a. A unguwa irin Kamazou, ma'aikaciyar ƙaramin asibiti tana iya zama maƙwabciya ko abokiyar ibada. Mai gudun a gan shi zai gwammace ya shiga mota zuwa Kakuri ko asibitin Barau Dikko a tsallaken kogi, inda ba a san shi ba. Amma wannan yana cin kuɗin mota da yinin aiki guda, abin da mai facin taya ko mai ɗinki ba zai iya yi cikin sauƙi ba. Dokar hana nuna bambanci ga masu ɗauke da ƙwayar ta 2014 ta haramta korar ma'aikaci saboda matsayinsa, sai dai dokar da ba a san da ita ba, ba ta kawar da tsoro.

Maza da Mata

Na huɗu shi ne jinsi. Binciken 2018 ya nuna mata sun ninka maza wajen kamuwa, amma kuma sun fi maza sanin matsayinsu. Dalili a fili yake: awon ciki yana kai mace gaban ma'aikacin lafiya, namiji kuwa ba shi da irin wannan ƙofa. Sau da yawa maigida yakan ɗauki sakamakon matarsa a matsayin nasa, alhali ma'aurata suna iya bambanta. Gwajin kafin aure, wanda coci-coci da dama suke nema, wanda kuma Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024, yana kamo maza, amma sau ɗaya ne kawai.

Kammalawa

Abin da ya rage shi ne amfanin sanin. Tun 2006 gwamnati ta mai da maganin rage ƙarfin ƙwayar kyauta a asibitocinta, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar fara magani da zarar an gano, sa'an nan a 2016 ta amince da gwajin da mutum zai yi wa kansa a ɗaka. Wanda ya riƙe magani har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Wajibi ne ɗalibi da ma'aikaci su isar da wannan labari gida-gida, domin mutum ba ya neman sanin abin da ya ɗauka ba shi da magani.