Mai dabo ya shigo makaranta, wa ya tsaya masa?

Wata Juma'a, a wata makarantar firamare da na taɓa koyarwa a gefen Salaga, wani mutum ya iso da akwatin ƙarfe a bayan babur, da yaronsa mai ganga. Ya miƙa wa hedimasta takarda mai hatimi, ya ce shi mai dabo ne, ya zo ya yi wa yara wasa, kowane yaro sidi ɗaya. Hedimasta ya juya takardar gaba da baya, ya ce mini, "Malam, tara masa yaran a ƙarƙashin mangwaro."

Wasan kam ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ya ciro ƙwai daga hular wani yaro, ya haɗiye zare ya zaro shi da allurai a jere. Ni kaina na yi dariya. Inda raina ya ɓaci shi ne da ya ce a ba shi 'yan mata biyu daga aji shida su bi shi cikin wani aji da babu kowa, wai zai shirya su don wasa na gaba. Na ce masa, "Maigida, duk shirin da za ka yi, ka yi shi a gabana." Ya yi murmushi, ya ce ya fasa wannan wasan. Ban ce yana da mugun nufi ba, Allah ne masanin zuciya. Amma da yamma na tambayi hedimasta, "Ranka ya daɗe, wa ya rubuta takardar nan?" Ya ce wallahi bai karanta ƙasan ba, hatimin kawai ya gani.

Ni kafin in tsaya gaban waɗannan yara sai da na yi shekaru a kwalejin horar da malamai. A 2018 aka kafa ƙa'idar cewa sabon malami a Gana ba zai samu lasisi ba sai ya ci jarrabawar Majalisar Malamai ta Ƙasa. Sunana, lambata, garinmu, duk suna rubuce a ofis. Shi kuwa wanda ya nemi ya keɓe da yara biyu, ko cikakken sunansa ba mu sani ba.

Ba yau masu wasa suka fara ratsa garuruwanmu ba. Salaga ta yi suna tun zamanin fataucin goro, lokacin da ayari ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, ya ratsa ta Yendi. Inda fatake suka bi, makaɗa da maroƙa sun bi, haka gardawa masu kura da maciji, da 'yan tauri, da masu dabo. To amma baƙo a wancan zamani ba ya faɗowa gari kamar daga sama. Yana da mai masauki. Mai masauki ne zai ba shi ɗaki, ya kai shi gaisuwa wajen Sarkin Zango, ya faɗi daga inda ya fito da ɗan wane ne. In baƙo ya ci bashi ya gudu, ko ya taɓa 'yar wani, ƙofar mai masauki za a buga. Saboda haka babu mai karɓar baƙo sai ya auna shi. Wani dattijo a zangonmu ya taɓa ce mini, "Ɗana, mu a da ba takarda muke tambaya ba. Cewa muke, gidan wa ka sauka?"

Wannan tambayar ce ta mutu. Yau mai wasa zai kwana a gidan saukar baƙi na kuɗi, ya yi wasa da safe a Salaga, azahar ya wuce Bimbilla, magariba yana Yendi. Babu wanda sunansa zai ɓaci in ya yi ɓarna.

Hukuma fa, me ta tanada? Akwai takardar shaidar rashin laifi da sashen binciken laifuka na 'yan sandan Gana, wato CID, ke bayarwa. Ana ɗaukar hoton yatsun mutum, a duba ko yana da tarihin laifi a kundinsu. Masu neman aiki da masu fita waje sun san ta. Tana da amfani, amma a fahimci iyakarta: abin da ya shiga kundi kawai take nunawa. Mu kuwa mun san yadda ake kashe magana a zango. An kama mutum ya cuci yarinya ko ya damfari tsohuwa, sai manya su zauna, a ce a rufa asiri, a mai da abin da ya saura, a sallame shi. Irin wannan mutum takardarsa fara ce tas, ko da garuruwa biyar sun kore shi. Akwai kuma Dokar Zaman Lafiyar Jama'a ta 1994, wadda ta ce mai shirya taro a fili ya sanar da 'yan sanda kwana biyar kafin ranar. Ita wannan kan taro take magana, ba ta binciken halin mai wasa.

A Bawku lamarin ya fi nauyi. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya sa gari ya daɗe yana shiga dokar hana fita, kuma iyakar Burkina Faso da ta Togo duk kusa suke. Can jami'an tsaro na duba baƙo sosai, sai dai abin da suke nema bindiga ce da wanda ya turo shi. Makaɗin biki da ya zo neman abincinsa yana iya shan tambayoyi a shingen hanya, har ya rasa bikin. Mai dabon da ya riga ya shiga gari kuwa, babu mai tambayarsa abin da yake yi da yara a bayan kasuwa. Yendi ma, tun da aka naɗa Ya-Na Abukari na biyu a Janairun 2019, bikin Damba na tara jama'a sosai. Makaɗan fada an san su, an san iyayensu da kakanninsu, sana'ar gado ce. Waɗanda ke kafa akwati a gefen taro ne ba a san asalinsu ba.

Sannan dole a raba abu biyu da muke haɗawa. Akwai mai saurin hannu, wanda zai gaya maka cewa wasa ne, ka biya ka yi dariya ka tafi. Akwai kuma wanda ke fara da ƙwai a hula don ya sayi zuciyar mutane, daga nan ya koma sayar da layar cin jarrabawa, ko ya ce a kawo kuɗi ya ninka. Na biyun nan malamanmu sun daɗe suna gargaɗi a kansa, dokar ƙasa ma damfara ta kira shi. Ba mu manta Kasoa ba: a Afrilun 2021 wasu matasa biyu suka kashe ƙaramin yaro don neman kuɗin tsafi, aka ce a talabijin suka ga tallan masu irin wannan aiki. A cikin watan ne hukumar sadarwa ta rufe tashoshin talabijin 49 marasa izini, aka kama Nana Agradaa mai tallan ninka kuɗi. Waccan a talabijin take, kowa na ganinta, amma sai da aka rasa rai kafin a motsa. Ina ga wanda ke yawo a babur daga ƙauye zuwa ƙauye?

Na san za a ce mini, Malam, kana so ka hana talaka cin abinci. Akwai gaskiya a ciki. Gardi ko mai kalangu da ke samun na tuwo a biki ba shi da kuɗin mota da na takarda don ya bi layin CID, kuma in aka tilasta, abin zai zama wata ƙofar karɓar na goro a hannun marasa ƙarfi. Shi ya sa ban ce a ɗora wa kowane makaɗi wannan kaya ba. Wanda zai shiga makaranta ko islamiyya, inda yara suke ba iyayensu, shi nake nufi. A ga katinsa na ɗan ƙasa, a rubuta lambar. In baƙo ne daga ƙetare, a ga takardar tafiyarsa. A kira makarantar da ya ce ya yi wasa a baya, waya ce kawai. Sannan a dawo da tsohuwar tambaya: wa ya tsaya maka a garin nan? Sarkin Zango, ko liman, ko ɗan majalisar unguwa, mutum ɗaya mai suna da gida ya sa hannu.

A makarantar da nake yanzu mun buɗe littafin baƙi don wannan, kuma mun amince cewa babu yaron da zai bi mai wasa wani wuri ba malami a tare. Masu wasa biyu sun zo tun da muka fara. Ɗaya ya kawo wani tela da duk muka sani ya tsaya masa, ya yi wasansa, yara suka yi ta tafi. Ɗayan da aka nemi katinsa ya ce ya bar shi a masauki, bari ya je ya ɗauko. Har aka tashi makaranta bai dawo ba.