Kayan Makaranta: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Duk wanda ya ratsa ta ƙofar makarantar firamare da sanyin safiyar Litinin zai tarar da yara sun jeru layi-layi, malamai suna bi suna duba farce da aski da kitso da tsabtar riga. Dalilin wannan tsari a fili yake. Idan ɗan attajiri da ɗan ɗan dako suka sa riga iri ɗaya, babu mai yi wa wani gorin sutura a cikin aji, kuma yaron da ya gudu kasuwa lokacin karatu, rigarsa ce za ta tona masa asiri.

Sai dai akwai wani giɓi a cikin doka wanda iyaye da yawa ba su lura da shi ba. Dokar Ilmin Bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane uba ya sa ɗansa makaranta, har ta tanadi tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ga wanda aka sake kamawa da laifin ƙin yin haka. Ta kuma lissafa abubuwan da za a bai wa yaro kyauta: littattafai, kayan koyarwa, ajujuwa, kujeru da abincin rana. Yunifom ba ya cikin lissafin. Ke nan kuɗin yadi da ladan tela da takalmi suna wuyan uba. Magidanci mai 'ya'ya biyar a firamare, riga biyar ke gabansa, ga shi kuwa yaro ba ya daina girma don tausayin aljihun mahaifinsa.

Jihar Osun ta taɓa gwada wata dabara. A shekarar 2013 gwamnatin Rauf Aregbesola ta soke kayan da kowace makarantar gwamnati ta saba da su, ta fito da iri ɗaya ga kowane matakin karatu, aka kafa masana'antar ɗinki a Osogbo, aka kuma raba kashin farko kyauta. Amma teloli suka koka cewa an raba su da abincinsu, malamai da iyaye kuma suka ce ba a iya gane makarantar da yaro ya fito idan ya yi ɓarna a gari. A shekarar 2020 gwamnatin Gboyega Oyetola ta janye tsarin, kowace makaranta ta koma wa kayanta na da.

Batun da ya fi tayar da ƙura shi ne na hijabi. A Jihar Legas, Babbar Kotu ta goyi bayan hana shi a makarantun gwamnati cikin shekarar 2014. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe wannan hukunci a 2016, sannan a watan Yuni na 2022 Kotun Ƙoli ta rufe maganar, alƙalai biyar suka rinjayi biyu, cewa ɗaliba Musulma tana da 'yancin sa hijabi a kan kayan makarantarta, bisa sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999. A Ilorin kuwa, sai da gwamnatin Kwara ta rufe makarantu goma a watan Fabrairu na 2021 saboda irin wannan taƙaddama tsakanin iyaye Musulmi da majami'un da suka kafa makarantun tun asali. Su wa suka yi asara? Yaran da suka zauna gida makonni ba karatu.

Saboda haka ya kamata hedimastoci da hukumomin ilmi su riƙe abu uku. Na farko, a zaɓi yadin da ake samu a kowace kasuwa, wanda kowane telan unguwa zai iya ɗinkawa, a daina tilasta wa iyaye saye daga ofishin makaranta. Na biyu, kada a sauya launi ko fasali sai an zauna da ƙungiyar iyaye da malamai, an kuma ba da wa'adin shekara guda. Na uku, yaron da ya zo da tsohuwar riga ko silifa, a kira mahaifinsa a ji uzurinsa, shi kuwa yaron a bar shi ya shiga aji. Rigar da ta yage tela zai ɗinke ta gobe, amma yaron da kunya ta kora daga makaranta da wuya ya dawo.