Bayan An Sa Wa Mutum Batir a Ƙirji

Ranar 12 ga Agustan 1989, ana tsakiyar wasa tsakanin Najeriya da Angola a filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi. Yana da shekara 25, kuma bai sake tashi ba. Bayan kusan shekara 32, ranar 12 ga Yunin 2021, duk wanda ke zaune a gidan kallon ƙwallo ya ga irin wannan faɗuwa a birnin Kofenhagen, sa'ad da Christian Eriksen na Denmak ya kife a gefen fili suna karawa da Finlan. Shi kam an yi sa'a. Nan take aka shiga danna masa ƙirji, aka jona masa na'urar da ke ba zuciya shokin, ya dawo. Kwanaki kaɗan bayan haka likitoci suka dasa masa wata 'yar na'ura a jiki, wadda suke kira ICD a taƙaice. Dokar Italiya ba ta yarda a buga gasa da ita a jiki ba, sai ya rabu da Inter Milan, ya koma Brentford a Janairun 2022, daga can kuma Manchester United ta ɗauke shi.

A Kafanchan da ƙauyukanta, idan aka yi wa mutum irin wannan aiki, cewa ake yi an sa masa batir. Daga nan sai a fara kallonsa kamar wanda ƙafarsa ɗaya ke kabari, a hana shi gona, a hana shi ɗaukar ko bokitin ruwa. Shi ma sai ya yarda ya kwanta. Wasu kuma su ɗauka an warke ke nan, a ajiye magani, a manta da hanyar asibiti. Duka biyun kuskure ne, amma na biyun ya fi kisa.

Zuciya da lantarkinta take aiki. Akwai wani ɗan wuri a samanta ta ɓangaren dama da ke sakin wuta sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan mutum na hutawa, wutar ta bi hanyoyinta ta sauka manyan ɗakuna biyu na ƙasa, su matse su tura jini. Idan tsokar zuciya ta yi tabo ko ta saki, wutar na iya ruɗewa a ɗakunan nan na ƙasa. Wani lokaci bugun ya riƙa gudu har jini ba ya samun damar cika su, wani lokaci kuma bugun ya tsaya gaba ɗaya, tsokar ta koma karkarwa kawai. Cikin daƙiƙu kaɗan mutum ya suma, domin ƙwaƙwalwa ba ta samun jini. Duk mintin da ya wuce ba a taimaka ba, damar rayuwa na raguwa da kusan kashi 10 cikin 100. Wannan na daga cikin abin da ke bayan labaran da muke ji a wurin zaman makoki: lafiya lau muka rabu da shi jiya, ko ciwon kai bai ce yana yi ba.

Na'urar ba ta cika tafin hannu ba. Ana tsaga fata a ƙasan ƙashin wuya, galibi ta hagu, a yi mata ɗan aljihu a ajiye ta, sannan a zura siririyar waya ta cikin jijiyar jini har cikin zuciya. Akwai kuma wani samfurin da ake sakawa a gefen haƙarƙari ƙasa da hammata, wayarsa ba ta shiga zuciya, a ƙarƙashin fata take kwanciya. Dare da rana tana ƙirga bugu. Idan ta ga ya fara gudun da bai dace ba, takan fara gwada wasu ƙananan tartsatsi masu sauri waɗanda sau da yawa mai ita ba ya ma ji. In hakan bai yi ba, sai ta tara wuta ta saki shokin guda mai ƙarfi. Ta bambanta da na'urar daidaita bugu da ake sa wa waɗanda zuciyarsu ke tafiyar hawainiya, ko da yake yawancin na zamani suna haɗa aikin biyu. Wanda ya ƙirƙiro ta, Dakta Michel Mirowski, haifaffen Folan ne da ya yi aiki a Isra'ila, kuma mutuwar fuju'a da ta ɗauke malaminsa ce ta sa shi a gaba. Shi da abokin aikinsa Morton Mower sun sha dariya daga manyan likitoci kafin a yarda da su. A Fabrairun 1980 aka fara dasa ta a jikin mutum a asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo a Amurka, kuma likitan da ya yi tiyatar, Levi Watkins, baƙar fata ne.

Ba kowane mai ciwon zuciya ke buƙatarta ba. Ana ba da shawararta ga wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa aka ceto shi, da masu wasu cututtukan gado da ke kashe matasa a dangi, da kuma wanda zuciyarsa ta yi rauni ƙwarai. Lafiyayyar zuciya na tura fiye da rabin jinin da ke cikinta a kowane bugu. Idan hoton zuciya ya nuna abin ya sauka zuwa kashi 35 cikin 100 ko ƙasa da haka, kuma an yi aƙalla wata 3 ana shan magani yadda ya kamata bai ɗaga ba, a nan ne ake fara maganar dashe. A wurinmu babban mai raunana zuciya shi ne hawan jinin da aka yi shekaru ba a kula da shi ba. Sai kuma ciwon zuciya na masu jego, wanda arewacin Najeriya ke cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa, suka ɗora zargi kan wankan jego da kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta. Binciken baya-bayan nan, musamman na Farfesa Kamilu Karaye na asibitin koyarwa na Aminu Kano, ya fi nuna yatsa ga ƙarancin abinci mai gina jiki, da ƙarancin sinadarin seleniyam, da hawan jini na lokacin ciki. Abin farin ciki, da yawa daga cikin matan nan zuciyarsu na farfaɗowa da magani cikin watanni, shi ya sa likita mai hankali ba ya gaggawar tura mai jego ɗakin tiyata.

Inda gizo ke saƙa ga mutumin kudancin Kaduna shi ne bayan an yi aikin. Dashen kansa a ƙalilan ɗin cibiyoyi ake yinsa, yawanci a Legas da Abuja, wasu kuma su tafi Indiya ko Masar, kuma kuɗinsa miliyoyin naira ne. Dangi su sayar da fili, 'yan coci ko jama'ar masallaci su yi karo-karo, a yi aiki a dawo gida, a yi godiya ga Allah. To amma na'urar tana buƙatar a duba ta duk bayan wata 3 zuwa 6, kuma ba da abin sauraren ƙirji ake duba ta ba. Wata kwamfuta ce ta musamman ake ɗora kanta a kan fata, ta karanto duk abin da ya faru, da lafiyar waya, da ragowar batir. Kowane kamfani da tasa kwamfutar: ta Medtronic ba ta karanta ta Boston Scientific, ta Abbott ba ta karanta ta Biotronik. Saboda haka, a ganina tambayar da ta fi ta farashi muhimmanci, tun kafin a sa hannu a takarda, ita ce: wane kamfani za a sa mini, kuma wane asibiti mafi kusa da gida ke da na'urar duba shi? Wanda aka yi wa aiki a ƙasar waje bai yi wannan tambaya ba, yana iya dawowa da abin da babu mai karanta shi tsakanin Jos da Kaduna. Asibitin tunawa da Patrick Yakowa na Kafanchan, wanda gwamnatin tarayya ta amince a mayar cibiyar lafiya ta tarayya a 2025, shi ne wurin farko da za a ruga idan abu ya taso da dare, don haka ya kamata likitocinsa su san da zaman mai na'urar tun yana lafiya. Don ganin ƙwararren likitan zuciya kuwa, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Jos da na Ahmadu Bello da ke Shika. Batir kuma ƙarewa yake yi, galibi tsakanin shekara 5 zuwa 10, gwargwadon yawan aikin da ya yi, kuma ba cajinsa ake yi ba, akwatin gaba ɗaya ake canzawa a bar wayar. Wanda ya san haka, tun daga shekarar farko zai fara ajiye wani abu daga kuɗin citta.

Makonni 4 zuwa 6 na farko, ba a ɗaga hannun ɓangaren aikin sama da kafaɗa, ba a ɗaukar kaya mai nauyi, har wayar ta kama. Ba daka, ba faskare, ba jan guga. Amma kada a naɗe hannun a ajiye, kafaɗa na iya sanƙarewa. Idan wurin ya yi ja, ko ya kumbura, ko yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya zo, asibiti za a nufa. Kada a bari mai kemis ya tsaga shi da sunan maruru, kada wanzami ya kafa ƙaho a kai, domin ƙwayar cuta idan ta kama na'urar, sai an cire ta duka da wayarta.

Shokin ɗin fa? Waɗanda suka ɗanɗana na cewa kamar harbin jaki ne a ƙirji, sau ɗaya, kafin ka ce wayyo ya wuce. Wani ya riga ya suma kafin ya zo, bai ma san an yi ba. Idan sau ɗaya ne kuma mutum ya ji garau, ya zauna ya huta, ya kira likitansa a ranar. Idan ya kai biyu cikin awa 24, ko ya zo da ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, a nemi mota nan take. Wanda ke riƙe da shi a lokacin, ko matarsa da ke kwance kusa da shi, iyakarta su ji ɗan tsirr, ba ya cutarwa. In kuwa ya faɗi ba ya numfashi, ba lokacin yayyafa ruwa ba ne, ko ɗura manja, ko a ce iska ce ta taɓa shi. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a riƙa dannawa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani yana addu'a wani yana neman abin hawa. Gari kamar Kafanchan da ke da kwalejin koyon aikin jinya bai kamata a ce malaman makaranta da shugabannin matasa ba su iya wannan ba.

Maganaɗisu da wuta mai ƙarfi su ne abokan gabar na'urar. Wayar salula ba ta da laifi, amma kada a sa ta a aljihun gaban riga, a bar tazarar santimita 15, a kara ta a kunnen ɗaya ɓangaren. Mai walda sai ya tattauna da likita sosai, don sau da yawa barin sana'ar ake ba da shawara. Bakanike kada ya sunkuya kan injin mota yana aiki, haka ma mai gyaran janareta. Matasan da ke ɗaukar manyan lasifikoki ranar biki ko a bikin Afan na Kagoro, kada su rungume su a ƙirji. Igiyar injin feshi na goyo kan wurin take bi, a sa tsumma mai kauri ko a ba wani ya yi feshin. Maharbi ya mai da gindin bindiga ɗaya kafaɗar. A ƙofar coci ko banki ko filin jirgi, inda ake shafa sandar bincike a jiki, a nuna katin na'urar a ce kada a tsayar da sandar a kan ƙirji. Katin nan kuwa ya zauna a aljihu kullum, a kuma faɗa kafin kowace tiyata ko hoton MRI. Mafi ɗaci ita ce maganar tuƙi. A Ingila, wanda aka sa wa na'urar bayan zuciyarsa ta tsaya sai ya yi wata 6 bai taɓa sitiyari ba, tuƙin bas da manyan motoci kuwa an haramta masa har abada. Ɗan acaɓa ko direban da ke sauka Hawan Kibo da fasinja cike da mota, ya auna wannan da kansa, ko da babu jami'in da zai tambaye shi.

Magani bai ƙare ba don an sa na'ura. Ita ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi, ba ta sauke hawan jini, ba ta hana ƙafa kumbura. Kuma al'adarmu ta shiga kemis a ce a haɗa mini na zazzaɓi na da haɗari a nan, domin kwinin da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta na iya dagula wutar zuciya. Haka jiƙe-jiƙen ƙarfin maza da ba a san abin da ke ciki ba. Amai da gudawa na zubar da gishirin fotasiyam, wanda ƙarancinsa ke tayar da bugu, don haka ba a yi musu jinkiri. Mai son yin azumi, na Ramadan ko na Lent, ya je a daidaita masa lokutan shan magani tukuna, musamman mai sa fitsari.

Akwai kuma ciwon da ba ya fitowa a hoto. Wanda shokin ya taɓa kamawa a kasuwa kan ji tsoron komawa kasuwa, ya daina kusantar iyalinsa, barci ya ƙaurace masa. Wannan ba raunin imani ba ne, kuma ya cancanci a faɗa wa likita kamar yadda za a faɗa masa ciwon ƙirji, don wani lokaci gyara saitin na'urar ko ƙara magani ke rage yawan shokin. Tafiyar ƙafa, noma daidai ƙarfi, auratayya, har ɗaukar ciki idan likita ya ga zuciyar za ta iya, duk na'urar ba ta hana su.

Idan tsufa ko wata cuta ta kai mutum gargara, ana iya kashe ɓangaren shokin da kwamfutar nan ba tare da tiyata ba, don kada ta riƙa girgiza shi a sa'o'insa na ƙarshe. Shawara ce da gara mai ita ya yanke da iyalinsa da likitansa tun yana da bakin magana. Game da jana'iza kuwa, masu ƙona gawa ne kawai dole su cire ta, saboda batirin na fashewa a wuta. Mu da muke binnewa, Musulmi da Kirista, ba sai an tsaga jiki ba, kuma babu dalilin jinkirta sutura saboda ita.