Yadda Ake Rage Rawar Hannu Wajen Ɗaukar Hoto Daga Nesa

Gabatarwa

A Abakpa Nike da ke birnin Inugu, inda na taso kuma na fara koyon Hausa a bakin maƙwabta, ɗaukar hoto sana'a ce da wasu matasa suke ci da ita. Ranar Salla ko ɗaurin aure, mai hoto ba ya kutsawa cikin sahu ko tsakiyar dattawa. Yakan tsaya gefe ne, ya jawo fuska da madubi mai dogon zango. Sau da yawa hoton yakan fito dishi-dishi. Ango ba zai biya kuɗin hoton da bai gane fuskarsa a ciki ba, kuma ba za a sake ɗaura auren saboda mai hoto ba. Wannan maƙala za ta bayyana dalilin matsalar da hanyoyin magance ta.

Mene Ne Dalili?

Madubi mai milimita 300 yana ƙara girman abu sau shida a kan mai milimita 50. Yadda yake ƙara girman fuska, haka yake ƙara girman rawar hannu. Ɗan motsin da numfashi ko bugun zuciya ke haddasawa ya isa ya ɓata hoton, muddin marfin haske yana buɗe a lokacin.

Saurin Marfin Haske

Masu hoto suna da tsohuwar ƙa'ida: kada marfin ya daɗe a buɗe fiye da kashi ɗaya bisa tsawon madubin. Wato idan madubin mai milimita 300 ne, a sa 1/300 na sakan ko abin da ya fi haka sauri. Yawancin kyamarori masu sauƙin kuɗi idonsu na ciki ƙarami ne, don haka sai a ninka lissafin da 1.5 a Nikon, ko 1.6 a Canon. Ke nan 1/500 ya fi dacewa. Da damina, idan hadari ya rufe Inugu haske ya ragu, sai a buɗe ƙofar madubin sosai, a kuma ɗaga lambar ISO zuwa 800 ko 1600. A ganina gara hoto mai ɗan tsaki-tsaki da wanda ya dushe, domin da babu gara ba daɗi.

Tsayuwa da Riƙo

Hannun hagu ya tallafe madubin daga ƙasa, kamar mai ɗauke da ƙwarya. Gwiwar hannu biyu su manne da haƙarƙari, kyamara ta jingina da goshi, ƙafafu kuma a ware su kaɗan. A fitar da numfashi a hankali, a ɗan dakata, sannan a latsa maɓalli ba tare da duka ba. Idan akwai bango, ko bishiya, ko mota da aka kashe injinta, a jingina. Sanda mai ƙafa ɗaya ta fi mai ƙafa uku amfani a cikin cunkoso. Haka kuma a ɗauki uku ko huɗu a jere, a zaɓi wanda ya fi fitowa.

Taimakon Na'ura

A shekarar 1995 kamfanin Canon ya fitar da madubi mai milimita 75 zuwa 300 da ke ɗauke da na'urar rage rawa, wadda yake kira IS. Nikon kuwa VR yake kiran tasa. A ciki akwai ɗan gilashi da ke motsawa don ya soke motsin hannu. Sai dai mai karatu ya lura, rawar hannu kawai take gyarawa. Yaro mai gudu ko tsuntsu a bakin Tafkin Nike, sai an sa 1/1000 ko fiye.

Kammalawa

Tsadar kyamara ba ta maye gurbin iya riƙo. Shawarata ga ɗalibai 'yan'uwana masu fita neman bayanan kundin digiri ita ce su gwada waɗannan dabaru a gida, kafin ranar bikin da za su nazarta ta zo.